Kunnen masoyi da kunnen ma'aikaci

Tun ina ɗalibi daren Alhamis ba daren barci ba ne a wurina. Wanda ke bin ƙungiyoyin mawaƙa sau da ƙafa ya san dalili. Daga watan Yulin 2015 kamfanonin faya-fayai suka haɗu a kan Juma'a ta zama ranar fitar da sababbin waƙoƙi a duniya baki ɗaya, kuma ana sakin su ne da zarar sha biyun dare ta gota a agogon kowace ƙasa. Kafin nan kowa da ranarsa: Ingila Litinin, Amurka Talata, Jamus Juma'a. Sai kundin waƙoƙi ya fita a wata ƙasa, masu satar fasaha su baza shi a intanet kafin ya isa wata. Yanzu mutanen Niyu Zilan na cikin masu fara ji, sauranmu muna zaune muna kallon agogo. In ƙungiyar da nake so ce za ta saki kundi, tun da yamma na cika wayata da caji, na kashe duk wani abin da zai katse ni, ina jira kamar mai jiran ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya.

Da wannan ɗokin na kama aiki a sashen kiɗa na wata tashar rediyo, a matsayin mataimakin mai shirya wani shiri na mako-mako da ke gabatar da sababbin kundaye. Aikina in saurari abin da ya fito, in zaɓo waƙoƙi uku ko huɗu, in rubuta 'yan layukan da za a karanta kafin a saka su. Daga baya aka fara ba ni minti biyar in faɗi ra'ayina da bakina. Na shigo da yaƙinin cewa abin da aikin ke buƙata ina da shi. Na san sunayen makaɗa, na san wa ya bar wace ƙungiya a wace shekara, na haddace jerin waƙoƙin kundaye masu yawa. Ashe sauraro kansa sana'a ne, kuma ko ƙofarsa ban taka ba.

Wanda ya fara nuna mini haka injiniyan sautinmu ne, dattijon da ya soma aiki tun lokacin da ake yanka tef da reza a liƙe shi da hannu. Kowa Malam yake ce masa. A makona na biyu ya zaunar da ni gaban lasifika, ya saka mini gutsuren waƙa sau biyu, ya ce in faɗi wanne ya fi. Ban yi wata-wata ba na ce na biyu: gangar ta fi cika, muryar ta fi fitowa, komai ya fi rai.

Ya ce, "Ɗana, abu ɗaya na saka maka sau biyu. Na biyun na ɗan ɗaga ƙararsa ne kawai."

Ban yarda ba sai da ya nuna mini a kan na'ura. Ya bayyana mini cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kaurin sauti da kaifinsa sosai in ƙara ta yi ƙasa, da an ɗaga kaɗan sai su fito, ƙwaƙwalwa ta ɗauka kiɗan ne ya ƙara kyau. Tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna wannan. Kamfanoni sun daɗe da sanin sirrin, shi ya sa daga shekarun 1990 aka shiga gasar ƙara: a danne wuraren da sauti ya yi tsini, a ɗaga sauran duka, waƙa ta zama bango guda ba hawa ba sauka. A sakan goma na farko tana kama kunne, bayan minti ashirin ta gajiyar da shi ba tare da mutum ya san me ke damunsa ba.

Misalin da Malam ya ba ni har yau ina son sa, domin masoya ne jarumansa. A 2008 ƙungiyar Metallica ta fitar da Death Magnetic, kundin da aka matse sautinsa har yana tsagewa. Masoyan ƙungiyar ne suka gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na faifan CD sarari da numfashi. Suka jera biyun suna kwatantawa, dubbai suka sa hannu a takardar neman a sake gyara sautin. Ba maƙiya ne suka yi wannan aikin ba, mutanen da suka kwana jiran kundin ne. A yau manhajoji irin su Spotify suna daidaita ƙarar waƙoƙi kafin su kunna su, don haka dabarar ta rage riba, amma ni abin da na ɗauka a ranar shi ne kada in kwatanta abu biyu sai na daidaita ƙararsu. Wannan darasi mai sauƙi ne, hannu ke yin sa. Wanda ya biyo baya ya fi wuya.

Tinariwen ce ƙungiyar da ta fi kowace zama a raina. Makaɗan Abzinawa ne daga arewacin Mali, waɗanda waƙoƙinsu suka yi shekaru suna yawo a kaset daga hannu zuwa hannu kafin duniya ta san su. Kundinsu Tassili, wanda aka naɗa a hamadar kudu maso gabashin Aljeriya, akasari da jita marar lantarki, shi ya ciyo musu kyautar Grammy a 2012. Na ji shi sau ba adadi. Na san inda tafi ke shigowa a kowace waƙa, na san inda amshi ke ɗagawa. Saboda haka da aka sanar cewa sabon kundinsu Amatssou zai fito a watan Mayun 2023, na yi makonni ina gina shi a zuciyata kafin in ji ko sauti ɗaya.

Daren ya zo, na saka. Sai ga banjo, ga goge irin na makaɗan karkarar Amurka, ga wata jita da ake murza tsirkiyarta da ƙarfe tana kuka a bayan muryoyin. Daniel Lanois, mutumin Kanada da ya yi aiki da ƙungiyar U2, yana cikin waɗanda suka sa hannu a aikin. Raina ya ɓaci. Na kai ƙarshen kundin da ƙyar, wajen ƙarfe ɗayan dare, a waya, ina jin barci. Washegari na rubuta ra'ayina, kuma a shirin makon na faɗa wa masu sauraro cewa ƙungiyar ta sirka kiɗanta don ta faranta wa kunnen Amurkawa. Na faɗe shi da zafin wanda ke jin an ci amanarsa, kuma har zuciyata haka nake ji.

Bayan an kashe makirufo Malam bai yi mini faɗa ba. Yana naɗe wayoyi ya tambaye ni, "Sau nawa ka ji shi?"

Na ce, "Sau ɗaya, Malam."

Ya ce, "To ba a kansa ka yi magana ba. Akwai kundin da ka naɗa a ranka tun wata uku da suka wuce. Shi ka je nema, ba ka same shi ba, ka huce a kan wannan."

Sannan ya tambaye ni ko na san asalin banjo. Ban sani ba. Ya ce bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a tsibiran Karibiyan da Amurka, da ƙoƙo da fata da tsirkiya, kamar yadda suka saba yi a gida. Dangin molo ne da ya yi ƙaura ya sake kama. Abin da na kira baƙo a cikin kiɗan Tinariwen yana da tsatso ɗaya da kayan kiɗan yankin da suka fito. Wannan bai wajabta mini son kundin ba, amma ya rushe hujjar da na kafa a gaban dubban kunnuwa, kuma na ji nauyin hakan.

Da ya ga jikina ya yi sanyi sai ya ba ni labarin nasa kuskuren. A watan Oktoban 2000 ƙungiyar Radiohead ta fitar da kundinta Kid A, shekara uku bayan kundin OK Computer wanda ya ɗaga ta sama. Masoya na jiran jita, sai suka tarar da na'urori da muryoyin da aka murɗe har ba a gane kalmomin. Malam ya ce ya ajiye faifan a aljihun tebur kusan shekara guda bai sake taɓa shi ba. Kundin nan da ya raba kan masoya a lokacin, mujallar Rolling Stone ta zo ta sa shi a kan gaba a jerin kundayen shekarun 2000 zuwa 2009. Ya ce ba hukuncin mujallar ne ya dame shi ba, shekarar da ya yi asara ce ta dame shi.

Ana cewa so hana ganin laifi, kuma gaskiya ne. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai a wannan aikin shi ne so yana ƙirƙiro laifin da babu. Wanda bai damu da ƙungiya ba yakan ji sabon kundinta yadda yake. Masoyi kuwa yana zuwa da awo a hannu, awon da ya yanka daga tsohon kundin da ya raka shi cikin wata shekara mai wuya ko mai daɗi, duk abin da bai shiga awon ba sai ya zama cin amana. Makaɗan kuma mutane ne, sun tsufa, sun yi rashi, sun haɗu da sababbin abokan aiki, ba su ɗauki alkawarin tsayawa a inda na fara son su ba.

Daga nan na sake tsarin aikina. Ba na faɗin ra'ayi a iska sai na ji kundi sau uku a ranaku daban-daban, sau ɗaya aƙalla a lasifikar situdiyo, daga farko zuwa ƙarshe ba tsallake. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni wahala fiye da yadda na zata. Spotify na lissafa cewa an saurari waƙa ne in ta kai sakan 30, kuma na tarar yatsana ya koyi wannan lissafin, yana neman gaba kafin waƙa ta buɗe bakinta. Alhali tun 1948 da kamfanin Columbia ya fito da dogon faifan garmaho mai ɗaukar sama da minti ashirin a kowane gefe, ƙungiyoyi ke jera waƙoƙinsu da niyya, wannan ta share wa waccan hanya. Na kuma buɗe littafi mai gida biyu a kowane shafi: a dama abin da na ji, a hagu abin da na so in ji. Yawancin fushina a gidan hagu yake ƙarewa.

Akwai tarko a ɗaya gefen ma, kuma Malam bai ɓoye mini shi ba. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna tun 1968 cewa yawan cin karo da abu kaɗai na sa mutum ya fara son sa. Ke nan in na nace wa kundi sau goma zan iya son sa ko da ba shi da komai, don kawai kunne ya saba. Maganin da muke yi shi ne bayan ji na uku a ajiye shi mako guda. In wata waƙa ta biyo ni da kanta, ina tafiya na tsinci bakina yana rera ta, to akwai abu a cikinta. In mako ya wuce ban tuna ko ɗaya ba, sai in faɗi haka ba tare da jin kunya ba, ko da ƙungiyar da nake so ce.

Mako biyu bayan waccan magana da na yi a kan Amatssou na koma gaban makirufo na janye ta. Na gaya wa masu sauraro cewa na yanke hukunci bayan ji ɗaya, kuma ban kyauta ba. Har yau Tassili ya fi Amatssou a wurina, akwai wuraren da nake ganin kayan kiɗan sun yi yawa, sun cike shirun da nake so a kiɗan Tinariwen. Amma akwai waƙoƙin da banjo ke bin sawun jita kamar tare suka tashi, kuma yanzu ina iya nuna minti da sakan ɗin da nake nufi.

Masu kiran waya ma sun koya mini nasu. Na kasance ina ɗaukar matasan da ke cika mana layi da neman waƙoƙin BTS, ƙungiyar nan ta Koriya ta Kudu, a matsayin masu bin yayi kawai, har ranar da wata yarinya ta tsaya ta bayyana mini wane ne cikin mutum bakwai ɗin ke rubuta wane irin baiti, da yadda jigon wani kundi ke ɗorawa a kan na baya. Irin sanin da nake taƙama da shi a kan nawa mawaƙan ne, ba ragi. Kuma ba zan manta da wata dattijuwa ba da ta kira a watan Nuwamban 2021, makon da ƙungiyar ABBA ta fitar da kundin Voyage, shekara 40 cif bayan kundinsu na 1981. Na tambaye ta, "Mama, bai ba ki kunya ba bayan wannan dogon jira?" Ta ce, "Ɗan nan, muryoyinsu sun yi ƙasa, sun yi kauri. Tawa ma haka. Da sun fito da muryar 'yan mata ai da ban gane su ba." A lokacin na rubuta maganar ne don ta yi mini daɗi. Sai bayan abin da ya faru da ni a 2023 na koma na sake karanta ta.

Malam ya yi ritaya bara, ya bar mini tsohon abin sauraronsa na kunne wanda fatarsa ta fara ɓarewa. Daren Alhamis ɗin da ya wuce wata ƙungiya da nake bi tun ina makaranta ta saki kundi bayan dogon shiru. Na yi cajin waya tun da yamma, zuciyata na bugawa kamar kullum da sha biyu ta kusa. Waƙa ta farko ta buɗe da wani kiɗa da ban taɓa jin sun yi irinsa ba, na ji tsohon zafin nan yana tasowa. Na jawo littafin, na rubuta kwanan wata, na cika rabin gidan hagu, sannan na mayar da waƙar farko.