Na kalli The Professionals kaf tare da Kawu, kashi 57

Kawuna ne ya jefa ni cikin wannan harkar. Ya yi karatu a Ingila ƙarshen shekarun 1970, kuma tun muna yara in ya ga samari biyu da kullum suna tare kamar tif da taya sai ya ce "ga Bodie da Doyle nan", mu dai dariya kawai muke yi ba mu san ko su waye ba. To bara ya samu karaya a ƙafa aka kawo shi gidanmu jinya, zaman ya ishe shi, rediyo ma ya gaji da ita, shi ne na sa aka nemo min faifan DVD na shirin gaba ɗaya, muka yi da shi cewa kashi ɗaya kowane dare bayan isha'i. Kashi 57 ne, kowanne wajen minti 50, lissafina wata biyu mu gama amma da ɗauke wuta da baƙi masu dubiya sai da muka ci wata uku da ɗoriya.

Ga wanda bai san shi ba, shiri ne na Birtaniya da tashar ITV ta fara haskawa ranar 30 ga Disamba 1977 ya ƙare a Fabrairun 1983, Brian Clemens ne ya ƙirƙiro shi. Labarin wata hukuma ce CI5 da ministan cikin gida ya kafa ya ce su yaƙi manyan 'yan ta'adda da 'yan leƙen asiri da ƙasurguman ɓarayi ta duk hanyar da ta samu. Ni wallahi har kashi na biyar na ɗauka da gaske akwai ta, ina haɗa ta da MI5, hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya, sai Kawu ya ce a'a ɗana, wannan ta fim ce kawai. Oga shi ne George Cowley wanda Gordon Jackson ya fito a matsayinsa, sai yaransa biyu, Bodie wato Lewis Collins tsohon sojan lema da ya yi SAS, rundunar sojoji ta musamman ta Birtaniya, kuma ya taɓa sojan haya a Afirka, da Doyle wato Martin Shaw mai nannaɗaɗɗen gashi, tsohon ɗan sanda mai bincike. A oba-oba Bodie ne 3.7, Doyle 4.5, yanzu ko cikin barci aka tashe ni zan faɗa.

Kuskurena na farko gaggawa. Sati na biyu abin ya shige ni, wata Asabar Kawu na barci na zauna na zuba kashi huɗu a jere, da dare ya tambaye ni me ya faru a ciki na kasa raba su, duk sun cakuɗe min, mota ta bi mota, an harba, an fasa ƙofa. Ba a gina shi irin na yanzu mai dogon zango da labari ɗaya ke ja ba, kowane kashi labarinsa daban kuma a kansa yake ƙarewa, an yi shi ne don mutum ya gani sau ɗaya a sati ya jira. Daga nan na koma ɗaya-ɗaya. Kuskure na biyu kuma na ƙi kunna rubutun ƙasa ina ganin ai ina jin Turanci, ashe Turancin Cowley na Sikotlan ne, ga yaran suna magana da sauri da karin 'yan titin Landan, rabin tsokanar da suke wa juna wuce ni take yi. Da na kunna rubutun sai na ga kamar wani sabon shiri na fara. Wani abu kuma, yadda aka jera su wajen haskawa ba haka aka ɗauke su ba, don haka kar ka damu in ka ga mota ta canza ta sake dawowa, da farko motocin British Leyland suka hau irin su Triumph da Rover kafin a koma Ford, a nan ne Capri ta shigo da farar Escort RS2000 ta Doyle, shi kuma Cowley yana cikin Granada.

Motocin da dambe su suka ja ni, ba zan ɓoye ba, da kiɗan buɗewa na Laurie Johnson da har ƙanwata ta haddace. Amma kafin mu kai rabi na lura Cowley nake jira ya fito. Dattijo ne mai ɗingishi, a labarin harsashi ne a ƙafarsa tun yaƙin basasar Sifaniya, ba ya sakin fuska, yana yi wa yaransa faɗa kamar zai cinye su amma in wani babba daga gwamnati ya taso zai taɓa su sai ya tsaya a gabansu. Kawu da ƙafarsa a ɗaure kan matashi in Cowley ya shigo yana ɗingishi sai ya gyara zama. Shan giyar Cowley ne dai bai min ba, kusan duk matsala sai an ɗauko kwalba, haka ma yadda shirin ya ɗauki mata, yawanci budurwa ce ta kashi ɗaya ko wadda za a ceto shi kenan.

Inda abin ya tsaya min a rai shi ne kashin da ake kira The Rack. An kama wani mutum, a wajen tambayoyi Doyle ya kai masa naushi, daga baya mutumin ya mutu a hannunsu, aka kafa kwamitin bincike, wata lauya ta sa su a gaba tana tambayar wa ya ba CI5 ikon kama mutum ta tsare ba lauya ba kotu. Ina zaune na ji raina yana ɓaci da matar, har na ce a fili wannan ta cika takura, ta bar mutane su yi aikinsu mana. Kawu ya ce tsayar da faifan. Ya ce, in da ƙaninka ne ya mutu a ɗakin nan fa, wa kake so ya yi tambayar? Na yi shiru don ba ni da amsa. Sati da sati ina kallon su suna ɓalle ƙofar mutane ba takardar kotu, suna shaƙe wuyan wanda ake zargi, ina jin daɗi, saboda an riga an nuna min cewa wanda suka kama mai laifi ne kuma Cowley mutumin kirki ne ba zai ci amana ba. Duk ginin a kan kirkin mutum ɗaya ya tsaya, ka cire Cowley ka sa wani mugu a kujerar nan ka ga me CI5 za ta zama. A ƙarshen kashin marubuta sun samo wa Doyle mafita, aka nuna ba naushinsa ne asalin raunin ba, hukumar ta tsira, amma tambayar matar ba wanda ya amsa ta, kuma tun daga daren kallona ya canza, ina jin daɗin gudun mota amma ina ƙirga sau nawa suka taka doka.

Sai kashin Klansmen, wanda ITV ba ta haska ba a lokacin, Kawu ma a gidanmu ya fara ganinsa. Labarin wariyar launin fata ne, kuma Bodie da kansa aka nuna yana da ƙyamar baƙaƙe, yana furta maganganu masu zafi, har aka soke shi da wuƙa aka kai shi asibiti baƙar fata likita da nas suka yi jinyarsa yana zaginsu cikin zafin ciwo. Ya yi min nauyi sosai, mutumin da na saba so ne yake faɗin haka a kan masu kalata, kuma saurin da ya yi ya shiryu a ƙarshe bai gamsar da ni ba. Kawu bai ce komai ba sai da aka gama, sannan ya ba ni labarin yadda ya sha yawon neman ɗakin haya a can, a waya a ce akwai, in ya je aka ga fuskarsa a ce an bayar. Shekara nawa ina tare da shi bai taɓa faɗa min wannan ba.

Daren da muka gama na 57 ya riga ya fara takawa da sanda. Ya tambaye ni ina mutanen suke yanzu, na gaya masa Gordon Jackson ya rasu tun 1990, Lewis Collins kuma a 2013, Martin Shaw ya ci gaba da fitowa a wasu shirye-shiryen har ya yi alƙali a wani. Ya jima yana kallon allon, ya ce Allah sarki, Bodie. Da zai koma gida na haɗa masa faifan a jaka ya ce in bar su a nan, in ya zo hutun sallah The Rack za mu sake sawa, wannan karon har da ƙanina.