Ranar da aka sauke hoton Keshi daga bango

Yau Asabar da hantsi na bi ta gidan kallon ƙwallo na unguwarmu domin in karɓi cajar wayata da na manta a can daren jiya, sai na tarar an fito da bencina waje ana yi wa ɗakin sabon fenti. An sauke duk hotunan da ke jikin bango an zube su a kan tabarma, na Messi da na Ronaldo da tsofaffin kalandun Arsenal, a cikinsu kuma har da wani hoto da rana da ƙura suka kwashe masa launi, wanda ke nuna 'yan wasan Super Eagles ɗauke da Stephen Keshi a daren da suka ci kofin nahiyar Afirka a 2013. Ɗan mai gidan kallon, wani matashi da bai kai shekara ashirin ba, ya ware hoton ya haɗa shi da tarkacen da za a zubar, yana cewa wurin ya fi dacewa da hoton Osimhen.

Baba mai shayi na bakin ƙofa ne ya hango shi, ya bar tukunyarsa a kan wuta ya taso. Ya ce, "Kai yaro, ajiye wannan hoton. Ka san ko wane ne kake shirin jefawa a bola?" Yaron ya amsa cikin ladabi, "Baba, ai koci ne kawai, kuma ya daɗe da rasuwa." Ban yi niyyar zama ba, amma ganin masu facin taya da ɗan acaɓa da wani malamin makaranta sun taru kowa yana son ya yi wa yaron bayani, sai na ja benci na zauna, kuma ban tashi ba sai da aka kira sallar azahar.

Malamin ne ya fara daga tushe. Ya ce Keshi mai tsaron baya ne, ya yi wasa a ƙungiyar New Nigeria Bank ta birnin Benin, ya tafi Abijan, daga nan ya haye Beljiyam inda ya buga wa Lokeren da Anderlecht, sannan Strasbourg a Faransa, a zamanin da ba kowane ɗan Najeriya ke samun ƙofar Turai ba, kuma da yawa sun bi sawunsa zuwa Beljiyam. Shi ne kyaftin a 1994 lokacin da aka doke Zambiya da ci 2-1 a Tunusiya aka ɗauki kofin Afirka, bayan shekara 19 kuma ya sake ɗaukar kofin yana koci. Kafin shi, Mahmoud El-Gohary na Masar ne kaɗai ya taɓa haɗa waɗannan biyun. Yaron ya saurara, amma na lura tarihin bai taɓa shi ba, domin a wurinsa 1994 da zamanin yaƙin duniya duk ɗaya ne.

Ni kuwa abin da ya dawo mini a rai ba jerin kofuna ba ne, kunya ce. A wannan ɗakin da ake wa fenti na zauna a watan Janairun 2013, ina cikin masu zagin Keshi da babbar murya. Ya bar Osaze Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ya kwashi 'yan wasa shida daga gasar cikin gida, har da Reuben Gabriel na Kano Pillars, muka ce mutumin nan yawon buɗe ido ya tafi Afirka ta Kudu. Da aka yi kunnen doki 1-1 da Burkina Faso, aka sake yin 1-1 da Zambiya, na rantse a gaban jama'a cewa ba za mu fita daga rukuni ba. Da ƙyar muka wuce Habasha da fenariti biyu na Victor Moses, sai ga Kwaddibuwa ta Drogba da Yaya Toure a gabanmu. Ranar mutane da yawa sun zo kallo ne don su ga yawan ƙwallayen da za a zura mana, sai Emenike ya ci da bugun tazara, bayan an farke kuma Sunday Mba, wanda yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba kafin gasar, ya ratso tsakiyar fili ya ci ta biyu. Aka casa Mali 4-1, Ahmed Musa namu ya ci ta huɗu. A wasan ƙarshe, ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg, Mba ɗin nan ne dai ya ɗage ƙwallo bisa kan mai tsaron bayan Burkina Faso da ƙafar dama, ya tare ta da hagu kafin ta taɓa ƙasa. A daren ba wanda ya biya Baba kuɗin shayi, kuma har yau yana faɗin cewa bai yi asara ba.

Da na ba da wannan labari, ɗan acaɓan ya ce shi ba kofin ne ya sa yake ƙaunar Keshi ba, gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida ce ta 2014. Ya tuna yadda Maroko ta ci mu uku da nema kafin hutun rabin lokaci, mutane suka watse daga gidan kallon, sai aka dawo aka farke duka ukun, Rabi'u Ali na Pillars yana cikin waɗanda suka ci, aka kuma yi nasara 4-3 a ƙarin lokaci. Ya ce Rabi'u Ali, mutumin da yake gani da idonsa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ga shi sanye da rigar ƙasa duniya tana kallonsa, kuma Keshi ne ya sa masa rigar. A ganina nan ne asalin ƙaunar take. Mai sayen tikitin wasan gida ya saba jin cewa abin da yake kallo ba ƙwallo ba ne, sai ga wani babba da ya yi wasa a Turai ya zo ya ce a cikin waɗannan yaran akwai masu iya ɗaukar kofi, ya kuma tabbatar da maganarsa. Keshi mutum ne ɗan Illah ta jihar Delta, ba harshenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, amma ban ji ko mutum ɗaya a zaman yau da ya ga wannan a matsayin abin ambato ba.

Ba a rasa mai ja ba. Ɗaya daga cikin masu facin ya ce kada a mai da shi waliyyi, domin yana da taurin kai, kuma a hannunsa muka kasa zuwa gasar kofin Afirka ta 2015 muna riƙe da kofi. Gaskiya ya faɗa. Sai dai Baba ya tuna masa cewa mutumin ya yi watanni yana aiki ba albashi, ya kai mu zagaye na biyu a gasar cin kofin duniya a Brazil inda Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu, kuma tun kafin nan ya kai ƙaramar ƙasar Togo gasar duniya ta 2006 a karon farko, aka sauke shi kafin a tafi Jamus wani ya ci gajiyar wahalarsa. Ya ce duk inda ya je sai ya yi shuka, amma ba kasafai ake barinsa ya yi girbi ba.

Daga nan hira ta yi sanyi, domin an zo kan rasuwarsa. Labarin ya iso mana ne da safiyar Laraba 8 ga Yunin 2016, azumi bai wuce kwana uku ba, cewa ya rasu a birnin Benin yana da shekara 54, wata shida kacal bayan rasuwar matarsa, kafin mako ya ƙare kuma Shu'aibu Amodu, tsohon kocin Super Eagles, ya bi shi. Na tuna cewa a makon ne mai gidan kallon ya manna hoton, ba a 2013 ba, wato sai da mutumin ya tafi muka ba shi wuri a bango.

Yaron dai bai ce ya gamsu ba, amma ya nemi in nuna masa ƙwallon Mba a waya, ya kalla sau uku, sannan ya ɗauki hoton ya goge shi da gefen rigarsa. An yi karo-karo, ni ma na ba da nawa, aka ba malamin ya kai wa mai sa hoto a gilashi a Sabon Gari, an ce ranar Talata za a karɓo. Sai da na isa gida na tuna cewa cajar tana can ban karɓo ba.