Kwana 21 muna farautar takardar EC8A

Lokacin zaɓen 18 ga Maris 2023 shekarata biyu kacal da fara aikin lauya, oga ya jefa ni cikin tawagar da za ta kai ƙarar kujerar ɗan majalisar jiha gaban tirabunal, wato kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Ni a zatona tunda kowa a garin ya san an yi aringizon ƙuri'u to shikenan, ashe kotu ba ruwanta da "kowa ya sani".

Doka ta ba ka kwana 21 daga ranar da aka sanar da sakamako ka shigar da ƙara, kuma bayanin shaidunka na rantsuwa dole ya shiga tare da ita, in ka makara ko da kwana ɗaya ne an wuce wurin. Mu kuma sai da muka ɓata kusan mako ana ta taro ana jiran ɗan takara ya huce.

Wahalar gaske ita ce ejan-ejan ɗinmu. Kowace rumfa ana ba ejan kwafin EC8A, takardar sakamakon rumfar kenan, amma da muka bi su ƙauye-ƙauye wani ya ce ruwa ya jiƙa tasa, wani ya ce shi ba a biya shi kuɗin ejan ba don haka ba zai bayar ba, wani dattijo kuwa Allah ya saka masa, ya ciro tasa a leda daga ƙarƙashin katifa. Na ce Baba ai ka fi mu iya aikin, ya yi dariya ya ce "ɗana, takarda ai ba ta mantuwa". Rumfunan da muka samu takardunsu muka haɗa da rahoton BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ne kawai suka tsaya da ƙafarsu, sauran rumfunan kuwa alƙalai suka ce ejan ba zai ba da shaida kan rumfar da bai tsaya ba.

Mun faɗi, kotun ɗaukaka ƙara ma haka, kuma ƙarar majalisar jiha daga nan ba gaba. Ana cikin haka muna kallon shari'ar gwamnan Kano, tirabunal ta soke ƙuri'u 165,663 saboda rashin hatimi da sa hannu, Kotun Ƙoli ta dawo da su a Janairun 2024.

Yanzu tun kafin zaɓe nake tara ejan-ejan a zaure, in raba musu leda da biro, in ce kowa ya ɗauki hoton takardarsa a waya kafin ya bar rumfa.