Shekarar wa za a rubuta a takardar?

A siton kayan abincin da nake riƙe wa littafin lissafi a nan Jidda, kowa da ranar da shekararsa ke juyawa. Mu Hausawa Muharram muke jira, har yanzu iyayenmu mata na unguwa suna adana jelar ragon layya domin cika-ciki. Habashawa masu lodi sai 11 ga Satumba, ko 12 a wasu shekarun, don shekararsu wata 13 ce, na ƙarshen kwana 5 ko 6 kacal. Direbanmu ɗan Sudan biki biyu yake yi ranar 1 ga Janairu, saboda a ranar ce ƙasarsu ta samu 'yanci a 1956.

Wadda ta fi kama ni ita ce al'adar 'yan Bangaladash. Ranar 14 ga Afrilu 'yan kasuwarsu ke rufe tsohon littafin bashi, su buɗe sabo mai jan bango, abin da suke kira hal khata. Wani abokin aikina ya ba ni labarin shagon mahaifinsa: a share, a gayyaci masu ciniki, wanda ake bi bashi ya kawo abin da ya sawwaƙa, a ba shi alawa ya tafi da mutuncinsa. Wallahi abin ya burge ni. Tun daga nan, idan Zulhajji ya zo ƙarewa nakan bi masu ƙananan shagunan da muke ba kaya ɗaya bayan ɗaya, a zauna a sha shayi, in ce, "Alhaji, shekara ta zo gangara, a duba mana ɗan abin nan." Mutum ya fi sakin hannu idan ba a ci masa fuska ba.

Ƙirgen namu ma daga takardar bashi ya taso. An ruwaito cewa an kawo wa Sayyidina Umar wata takarda mai wa'adin Sha'aban, ya tambaya: wane Sha'aban, na bara, na bana ko na baɗi? Daga nan Sahabbai suka yi shawara, wajen shekara ta 17, aka fara ƙirga daga shekarar Hijira, wato 622 miladiyya.

Tambayar nan kullum tana kan teburina. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta miladiyya 365, kuma tun 2016 gwamnatin Saudiyya ta mayar da albashin ma'aikatanta kan miladiyya. Tazarar kwana 11 ba wasa ba ce ga lebura mai tura kuɗi gida, haƙƙinsa ne. Shi ya sa duk yarjejeniyar albashi ko haya da ta biyo ta hannuna nake rubuta kwanan wata iri biyu, na Hijira da na miladiyya, in karanta wa mai ita da baki kafin ya sa hannu. Na kuma roƙi maigida, ya amince kowa ya tashi aiki da azahar ranar sabuwar shekararsu.