Jan jirgi da gardamar Kawu

Laraba. Tun safe ake cacar baki a gida, Auta ya sake ɓatar da cajar Umma. Bari in tsallake wannan.

Da la'asar na leƙa shagon Kawu, na tarar yana yi wa wata ƙofa walda. Na miƙa masa waya ya ga bidiyon nan da na dame ku da shi, na jan jirgin Fokker mai fikafikai uku, irin wanda Richthofen na Jamus ya tuƙa a yaƙin duniya na ɗaya. Ya ɗage baƙin gilashinsa ya ƙura ido, can ya ce, "Kai yaro, wannan na da ne ko na yanzu?"

Na ce kwafi ne, Kawu. Guda 320 aka ƙera, ko ɗaya bai saura ba. Wanda aka ajiye a gidan tarihi na Berlin ma ruwan bom ya cinye shi a yaƙi na biyu.

"Jabu ke nan."

Na ce haba Kawu. Gangar jikin fa bututun ƙarfe ne da aka haɗa da walda, aikinka sak, fikafikan katako, sannan a lulluɓe da yadi, kuma haka masu kwafin ke bi. Ya ɗan gyaɗa kai. Sai ya tambayi inji. A na asali injin ne ɗungurungum ke juyawa tare da farfela, silinda tara na wulwulawa, sandar tsakiya a kafe. Ƙarfin doki 110. Man zurma ake ba shi, yana ta fesowa a fuskar matuƙi. Yawancin na yanzu kuwa injin da ke zaune wuri ɗaya ake sa musu, tunda na da ya yi wuyar samu.

Kawu ya yi dariya har da tari. "Ka gani? Rigar wani aka ba wani ya sa." Ya ja gilashi ya koma kan ƙofarsa.

Abin ya tsaya min a rai har bayan isha'i, don yana da gaskiyarsa. Nauyin nan mai juyawa shi ke fizgar jirgi gefe; a jirgin Sopwith Camel na Ingila, mai irin wannan injin, masu koyo da yawa sun mutu tun ba su ga abokin gaba ba. Shi kansa Fokker ɗin, a ƙarshen 1917 sai da aka dakatar da shi saboda fikafikai na ɓallewa a sama, aikin ganganci da laima sun lalata su. Wannan ba mai kwafa, kuma ba wanda zai so. Mu dai fenti muke kallo muna tafi. Richthofen ya kakkaɓo jirage 80, aka harbe shi ranar 21 ga Afrilu 1918 yana ɗan shekara 25. Ni nan na girme shi nesa ba kusa ba.

Tuwon dare ya yi sanyi kafin in ci. Gobe zan lallaɓi Kawu ya haɗa min 'yar ƙaramar gangar jikin jirgi da guntayen ƙarfensa, na san sai ya ce in fara ajiye kuɗin aiki.