Awa Biyu a Gaban Allo a Birnin Austin

Muna idar da sallar asuba yayana ya kai ni tashar bas a Houston, a jihar Teksas ta Amurka. A mota ya ce, "Kai da ka zo hutu, me kuma ya haɗa ka da makaranta?" Na ce, "Yaya, shekara tara ina koyar da kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke canzawa, ga 'yan aji ɗaya na jami'a, kuma kowace shekara sai na ga yaran da na san suna da kai sun faɗi. An ce mini akwai wata dabara a Austin, ina so in gani da idona."

Tafiyar kusan awa uku ce. Muka bi babbar hanya mai lamba 290, muka ratsa Brenham da Giddings, ga shanu can cikin shinge suna kiwo, babu makiyayi a bayansu. Tun kafin in isa harabar Jami'ar Teksas na hango doguwar hasumiyarta, ita na bi har na samu sashen lissafi.

Asalin abin daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ya fito. A tsakiyar shekarun 1970 wani malami, Uri Treisman, ya rasa gane dalilin da ya sa ɗalibai baƙar fata masu kyakkyawan sakamakon sakandare ke faɗuwa a kalkulas. Sai ya bi su har masaukinsu, ya kuma bi ɗalibai 'yan asalin Sin. Ya tarar baƙar fatan suna karatu tuƙuru, amma kowa shi kaɗai, su kuwa Sinawan bayan kowa ya yi nasa sai su taru da yamma suna duba aikin juna, suna gardama. A kan wannan ya kafa zaman bita na haɗin gwiwa, daga baya ya koma Austin da aiki.

Wadda ke kula da zaman da na shiga ɗalibar digiri na uku ce. Ta miƙo mini takardar sharuɗɗan da ake raba wa kowa a makon farko. Halarta dole ce, domin in ka yi fashi ka bar rukuninka da giɓi. Dole ka zo ka riga ka karanta darasin, ka kuma taɓa aikin gida ko da bai fita ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce wannan ba ajin masu rauni ba ne, tambayoyin nan sun fi na lacca wuya, kuma da gangan aka yi haka don kada wani ya iya gamawa shi kaɗai.

Na zauna kusa da wasu huɗu. Tambayarsu a kan tsani ce mai tsawon ƙafa 10 da aka jingina da bango, gindinsa yana zamewa ƙafa 1 a kowace daƙiƙa. Idan gindin ya yi nisan ƙafa 6 daga bango, da wane sauri kan tsanin ke sauka? Nan da nan suka fitar: kan yana tsayin ƙafa 8, saurinsa kashi uku cikin huɗu na ƙafa a daƙiƙa. Sai kashi na biyu na tambayar ya ce, to yaya saurin zai kasance dab da kan ya taɓa ƙasa? Lissafi ya nuna saurin yana ta ƙaruwa ba iyaka. Wata yarinya ta ajiye alli ta ce ita ba ta yarda ba, tsani ba zai fi jirgin sama gudu ba. Suka kira mai kula da su. Ba ta ba su amsa ba, tambaya ɗaya ta yi: wane abu kuka ɗauka gaskiya ne tun farko ba ku faɗa ba? Ta wuce abinta. Suka yi ta kai-komo wajen minti goma sha biyar, har wani yaro da tun ɗazu bai ce uffan ba ya tashi ya zana tsanin ya rabu da bango kafin ya kai ƙasa.

Yaron nan na daɗe ina kallo, don na san ire-irensa da yawa a ajina: suna can layin baya, kunya ta hana su buɗe baki, gara su faɗi jarrabawa da a ji sun yi kuskure a gaban mutane. A nan kuwa an mai da faɗin kuskure da baki wani ɓangare na aikin. Kafin a tashi aka ce kowa ya rubuto warwarar tambaya ɗaya da cikakkun jimloli, yadda wanda bai zo ba zai karanta ya gane.

Da la'asar na kama bas ɗin komawa. Ɗalibaina sun haura ɗari uku, allo ɗaya gare mu. Na juya bayan takardar sharuɗɗan na fara raba su huɗu-huɗu, ina lissafin 'yan ajin ƙarshe nawa zan roƙa su taya ni, da ƙananan alluna nawa kafinta zai iya yanko mini daga falle ɗaya na katako.