Inda na kai a koyon kulocin babur ɗin ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Tun da dusar ƙanƙara ta kwanta a nan Manitoba ta ƙasar Kanada nake fama da tsohon babur ɗin ƙanƙarar da na saya na hannu, mai inji cc 600 mai bugu biyu. Ciwonsa iri biyu ne. In an ba shi wuta daga tsaye sai ya yi nauyi, ya daɗe yana gurnani kafin ya ɗauka. In kuma an danne totur har ƙarshe a kan shararriyar hanya, agogon juyin inji ba ya wuce 7,400 a minti, alhali littafinsa yana son wajen 8,000. Duk wanda ya ji ƙarar sai ya ce kafireta ce ko fulogi. Na duba su, ƙalau suke. Daga nan na koma kan kuloci, kuma abin da na fi ƙaruwa da shi zuwa yanzu shi ne bel da agogon juyi suna faɗa maka yawancin abin da ke damun kuloci tun kafin ka ɗauki sifana.

Wannan babur ba a sa masa giya. Kuloci biyu ne da bel ɗaya a tsakaninsu. Na gaba yana kan ƙaranshaf, wato sandar da inji ke juyawa, yana da faranti biyu, ɗaya kafaffe ɗaya mai motsi. Idan inji ya ƙara juyi, wasu lanƙwasassun ƙarafa masu nauyi guda uku sukan buɗe waje, su tokari rola, su tura farantin nan ya rinjayi sifirin ya matse bel. A yawancin injina masu bugu biyu wannan kamun yana faruwa ne tsakanin juyi 3,500 da 4,500. Juyi na ƙaruwa, bel na hawa sama a kulocin gaba, yana nutsewa a na baya. Na bayan yana da nasa sifirin da wani karkataccen ƙarfe mai gangara, helis, wanda ke jin nauyin hanya: in an shiga tudu ko dusar ƙanƙara mai zurfi, shi ke maido da bel baya don kada inji ya shaƙe. Duk wannan tsarin an yi shi ne don inji ya zauna a juyin da ya fi ƙarfi. Shi ya sa faɗuwar juyi 600 ba ƙaramar magana ba ce.

Da bel na fara, kuma ina ba ku shawara ku ma ku fara da shi. Na cire shi na auna faɗinsa a wurare da yawa, don aunawa wuri ɗaya ba ta isa. Ya rage kusan milimita 3 daga faɗin sabo, wanda shi ne iyakar da ake cewa a canza. A wani gurbi kuma ya tsuke kamar ƙugun kalangu, gefensa ya ƙone yana sheƙi. Wannan tabon yana fitowa ne idan tirak, wato faffaɗar robar da ke jan babur, ta daskare da ƙasa ko ta maƙale, mai babur ya yi ta ba da wuta: kuloci na juyawa, bel na tsaye, sai wuri ɗaya ya cinye. Irin wannan bel ɗin kowane zagaye sai ya yi fizga, ana jin ta har a ƙafa. Zaren gefensa dai bai tsittsinke ta ɓangare ɗaya ba, da haka ne da sai in zargi saitin kulocin biyu ko robobin da inji ke zaune a kansu.

Sai sassaucin bel. Ana ɗora rula a kansa daga wannan kuloci zuwa wancan, a danna tsakiya, a auna yadda ya lotsa. Injina da yawa suna son wajen milimita 32, amma kowa ya bi littafin nasa, don ƙarfin dannawar ma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Nawa ya wuce haka sosai. Bel da ya sirance yana nutsewa cikin kulocin baya tun babur na tsaye, sai ya zama ana son tashi da babbar giya. Nauyin tashin nan ke nan. In kuma ya yi tsauri da yawa, za ku ji yana ƙugi a silo, ko babur ya riƙa jan jiki ba a taɓa totur ba.

Gwajin da ya fi burge ni ba ya cin ko kwabo. Na ja layi da baƙin alƙalamin maka a fuskar farantan gaba, daga tsakiya har baki, na fita na ba shi wuta sosai, na dawo na kashe inji na duba. Duk inda bel ya taka, layin ya goge. Nawa ya bar baƙi mai faɗin ɗan yatsa a sama, alamar kulocin ba ya rufewa har ƙarshe. Na kuma ɗora tafin hannu a hankali a kan kowane kuloci: na gaba ya fi zafi nesa ba kusa ba, kuma inda zafi ya taru nan bel ke zamewa.

Wannan ne ya sa na cire kulocin gaba. A nan ina roƙonku da gaske. Kulocin gaba yana zaune ne a kan tsinin ƙaranshaf, ba ya fita sai da bol ɗin zarewa na irinsa; guduma ko ƙarfen ɓamɓara za su lalata shi. Sifirin ɗin ciki a matse yake, don haka a danne murfin da abin matsewa kafin a kwance bol na ƙarshe. A kuma lura da alamomin da ke kan murfi da faranti, don an daidaita nauyinsu tare ne, dole su koma yadda suke. Kada a taɓa ba inji wuta babu bel ko babu marufin kariya.

Da na buɗe, ga baƙar ƙurar bel ta cika ko'ina. Rola biyu suna juyawa sumul a ƙarƙashin yatsa, ta ukun ta ƙafe, gefenta ɗaya ya baje. Ƙarfen nauyin da ke gogarta ya yi ɗan rami wanda farce ke maƙalewa a ciki, kuma yana karkaɗawa hagu da dama a kan fin ɗinsa saboda bushin ya ci. A daidai ramin nan kuloci ke tsayawa ya ƙi ci gaba. Sifirin ma da na jera shi da sabo ya fi shi gajarta, kuma gajiyayyen sifirin na gaba yana saukar da juyin kamu da juyin ƙarshe baki ɗaya. Na wanke komai da ruwan zafi da sabulu, na goge fuskar faranti da soson Scotch-Brite, na busar da iska. Ban sa giris ko mai ba, kuma kada ku sa: wannan kulocin a bushe yake aiki, mai kuwa ƙura yake tarawa.

Irin nawa, mai ƙarafa uku, shi ne tsarin da za ku gani a kulocin P-85 na Polaris. Masu Ski-Doo, babur ɗin da Joseph-Armand Bombardier ya fitar a garin Valcourt na lardin Kebek a Kanada a 1959, da yawanku kulocin da ake kira TRA gare ku. Shi rolarsa a kan hannuwa take, tana hawa gangara, kuma yana da bol ɗin saiti mai lamba 1 zuwa 6, kowace lamba tana canza juyi da kusan 200. An yi shi ne don sauyin yanayi da hawan duwatsu, inda iska ke sirancewa inji ya rasa ƙarfi. Ban yarda a murɗa shi don a rufe lalacewa ba. Juyin zai dawo a agogo, amma bajajjiyar rola tana nan tana cin abin da ke kusa da ita.

Yanzu na sa sabon sifirin, na canza ƙarafan nauyi duka uku tare don kada nauyinsu ya saɓa, sabuwar rola kuma tana hanya. Sabon bel na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, zai yi kilomita 50 na farko a hankali ba tare da danne totur ba. Abin da ya rage shi ne kulocin baya, in duba robobin da ke zamewa a kan helis. Wanda ya taɓa kwance ƙarfen nan mai ƙafa uku da ke riƙe da rola a kulocin gaba, don Allah ya gaya mini irin maƙalin da ya riƙe kulocin da shi, da ko sai da ya ɗan gasa wurin ɗaurin da wuta kafin ya saki.